Yadda ake warware rikicin zare da gyara kuskure a saƙar kati

Wata ranar Juma'a ɗiyar wana ta shigo mini da almakashi a hannu ɗaya, a ɗaya hannun kuma wani dunƙulen abu kamar sheƙar tsuntsu, kati goma sha biyu na reto a jikinsa. Ɗamara take saƙawa, har ta kai kamu biyu, aka kira ta ta sauke tukunya. Ta kwance igiyar ƙugunta, ta ajiye aikin a kan tabarma haka nan, ƙanenta mai rarrafe ya samu abin wasa.

"Gwaggo, yanke shi zan yi in sake sabo," in ji ta.

Na karɓe almakashin na tura ƙarƙashin matashi. Kafin a kira la'asar mun warware shi tas, ko zare ɗaya bai tsinke ba. Abin da na nuna mata ranar shi zan shimfiɗa a nan, tare da sauran matsalolin da kowace mai wannan saƙa za ta ci karo da su. Da bakin mata nake magana don su na fi koyarwa, amma namijin da ke saƙa hamilar takobi ko kayan doki na hawan salla, hanyar ɗaya ce.

Ga wadda ba ta taɓa gani ba: saƙar kati ba ta buƙatar masaƙa. Kati ne mai kusurwa huɗu, kowace kusurwa da huda, kowace huda da zarenta. A jera katunan gefe da gefe, a ɗaure bakin zaren a ƙarfen taga ko ginshiƙin rumfa, ɗaya bakin a ƙugu. Duk lokacin da aka juya katunan rubu'i ɗaya, sai sabuwar ƙofa ta buɗe tsakanin zaren sama da na ƙasa, a wuce da zaren kwance, a buga, a sake juyawa. Tsohuwar sana'a ce ƙwarai. A Oseberg ta ƙasar Norwe, cikin wani jirgin ruwa da aka binne mata biyu a shekara ta 834, masu tono sun tarar a 1904 da saƙar da ba a gama ba, da katunanta na itace 52 a jikin zaren. A Gondar ta Habasha har manyan labulen alharini aka yi da ɗaruruwan kati. To mu da muke fama da goma sha biyu, ai ba mu da bakin kuka.

Tun ran gini ran zane

Rabin rikicin da ake kawo mini tun wajen wadari aka shuka shi. Fara da zaren. Ki nemi mai santsi, mai murɗi sosai, irin na saƙar kwarashi ko zaren ɗinkin hula mai ɗan kauri, duk ana samu wajen masu kayan ɗinki a babbar kasuwa. Ulu kam ki bar shi sai hannunki ya faɗa. Yana da gashi, gashin yana kama na maƙwabcinsa, kuma yana miƙewa, sai wani zaren ya yi tauri wani ya yi sako-sako. Abawa ma ba ta jure gogar huda, sai dai a zaren kwance.

Katin kuma, na karta ya fi mini komai, a yanke shi ya zama murabba'i, wajen santimita 6 kowane gefe. Ki rage kaifin kusurwoyin da almakashi su yi ɗan zagaye, domin kusurwa mai tsini ita ke ƙwace zaren katin da ke kusa da ita. Hudar ta zama mai sumul. Idan katin na robar bido ne, wato jarka, kuma da ƙusa mai zafi kika huda shi, ki kankare bakin hudar, in ba haka ba za ta riƙa cin zaren a hankali har ya tsinke a tsakiyar aiki. Kwalin sukari yana yi da rani, amma da damina yana shan raɓa ya yi laushi, hudar ta yage.

Kafin ki zura zare ko ɗaya, ki ɗauki bik ki yi abu uku. Ki rubuta lamba a tsakiyar kowane kati, daga 1 har na ƙarshe. Ki sa wa hudojin A, B, C, D, duka katunan bi da bi iri ɗaya. Sannan ki haɗa katunan wuri ɗaya ki shafa jan launi a gefe ɗaya, wanda ke tsakanin A da D. Wannan jan layin shi ne idonki. Muddin katunan suna tafiya tare, duk juyi huɗu zai dawo sama ya miƙe kamar an ja shi da ma'auni, kuma ranar da kati ɗaya ya yi lattin juyi za ki ga giɓi a layin tun kafin kuskuren ya shiga saƙa.

Tsawon zaren: ɗamarar mita ɗaya, ni mita ɗaya da santimita 80 nake yankawa, domin murɗi yana cin tsawo, ɗauri yana ci, kuma ƙarshen da katunan ke zaune ba ya saƙuwa. Kati 12 zare 48 ke nan. Kada ki yanke su duka ki tara a cinya. Ki kafa turaku biyu, ko ki kifa kujera biyu ki yi wadarin a ƙafafunsu, ki yanke huɗu, ki zura a katinsu, ki ƙulle bakinsu, ki ajiye, sannan ki koma na gaba. Zaren huɗu na kati ɗaya dole duk su shiga ta fuska ɗaya. Idan uku suka shiga ta gaba, ɗaya kuma ta baya, katin zai ƙi juyawa, ko ya juya da ƙyar yana karkacewa.

Da kin gama zurawa, ki ɗaure bakin farko a taga, ki riƙe katunan gaba ɗaya ki ja su a hankali zuwa ɗaya bakin, yatsunki na gaba suna taje zaren. Katunan da kansu matsefi ne. In sun tsaya, kada ki tilasta, ki girgiza zaren ki kaɗa shi da yatsa kamar mai kaɗa gurmi, ya saki, ki ci gaba. Sai sun kai ƙarshe sannan ki daidaita tauri ki ƙulle.

Kafin ki tashi

Zare mai tauri ba ya rikicewa. Rikici yana shigowa ne a daidai lokacin da kika kwance ƙugu. Saboda haka ko sallama aka yi a ƙofa, kafin ki miƙe ki zura tsinke ko igiya ta hudar sama ta duka katunan, ki ɗaure, ko ki naɗe su da robar ɗaurin kuɗi. Ni biyun nake yi. Sauran zaren da ba a saƙa ba ki yi masa sarƙa da hannu irin ta farkon kwarashi, ki rataye a ƙusa inda yaro da akuya ba sa kaiwa. Kuma kullum ki tsaya a wuri ɗaya: jan layi a sama, zaren kwance ya wuce, ba a juya ba tukuna. Ki rubuta a takarda ko gaba kike juyawa, wato saman katunan na yin nesa da ke, ko baya. Kada ki ce za ki tuna. Ba za ki tuna ba.

Idan an riga an rikice

Ga yadda muka yi da ɗiyar wana.

Da farko muka mayar da aikin kan ɗauri. Ta ɗaura bakin nesa a taga, ni na riƙe ɓangaren da aka saƙa na ja kaɗan, ba da ƙarfi ba, daidai yadda zaren zai miƙe. Wannan kaɗai ya kashe rabin rikicin, domin yawancin abin da ido ke gani kamar ƙulli lanƙwasa ce kawai. Kada ki kwance ƙullin ƙarshe a wannan matakin. Muddin bakin biyu suna ɗaure, ƙulli na gaskiya ba zai iya shiga tsakiya ba, duk abin da ya naɗe ta wata hanya ya bi, kuma ta hanyar zai koma.

Daga nan muka nemi kati mai lamba 1. Ki bar kallon tarin gaba ɗaya, zai sa ki fid da rai. Kati ɗaya za ki kama, ki bi zarensa huɗu da ido daga bakin saƙa zuwa hudojinsa. In yana daidai, za su tafi a miƙe, biyu sama biyu ƙasa, ba mai hawa kan wani. In ba haka ba, ɗaya cikin abu huɗu ya same shi. Ko ya juya kamar taya, gaba ko baya, sai ki mayar da jan gefensa inda na sauran yake. Ko ya kife, fuskarsa mai rubutu ta koma kallon hagu alhali da dama take kallo, sai ki kifo shi. Ko ya yi adungure, samansa ya koma ƙasa, za ki gane da ganin zarensa sun murɗe gaba da bayansa kamar igiya, sai ki mirgina shi ta inda murɗin ke saki. Ko kuma ya tsallake maƙwabcinsa ya zauna a gurbin wani, sai ki ɗaga shi da zarensa duka ki tsallako da shi gida.

Wanda kika gyara, ki zura shi a tsinke ya zauna, ki kama na 2. Haka har na ƙarshe. Na farko da na biyu su ne masu cin rai, daga na biyar abin yana sauri don wurin ya yi fili. Inda zare ya shige tsakanin wasu ya maƙale, da allura mai dakusasshen baki ko tsinken tsintsiya ake ɗaga shi. Farce yana tsaga zare. Da hunturu ma, lokacin da yatsu ke faskarewa suna kama zare kamar ƙaya, ki shafa man kaɗe tun da dare, ban da lokacin aiki, don maiƙo yana ɓata farin zare kuma ƙurar Maradi ba ta jiran gayyata.

Komawa baya

Wannan shi ne abin da nake so kowace ɗaliba ta iya tun kafin ta iya ado mai wuya. Saƙar kati tana kwancewa kamar yadda ta ɗauru, juyi ɗaya bayan ɗaya.

A ce kin hango kuskure layi biyar a baya. Zaren kwance na ƙarshe yana cikin ƙofar da ke buɗe, ki zare shi. Ki juya katunan rubu'i ɗaya saɓanin juyinki na ƙarshe: in gaba kika yi, ki yi baya. Ƙofar da ta gabata za ta buɗe, zaren kwance ya bayyana kwance a cikinta. Ki sa yatsa ki buɗe ƙofar sosai, ki zare shi. Ki sake juyawa, ki sake zarewa, kina ƙirgawa a takardar adonki, wato wadda ke nuna juyin kowane layi, daga ƙasa zuwa sama. Idan adon irin wanda wasu katuna ke gaba wasu baya ne a layi ɗaya, kowane rukuni saɓanin nasa za ki yi masa.

Ki lura da wannan sosai: idan kika juya, zaren kwance ya ƙi fitowa a wuri ɗaya, wasu zaruruwa sun danne shi, kada ki ja. Kin iso gidan kuskuren ke nan. Katin da zarensa ya danne shi ne wanda ya bi wata hanya dabam a wannan layin. Ki kama shi shi kaɗai, ki gwada juya shi gaba, ki gwada baya. Ɗayan zai ƙara shaƙe zaren kwance, ɗayan zai sake shi. Wanda ya sake shi ne daidai. Ki koma layi ɗaya ko biyu bayan kuskuren, ki duba kowane kati da takarda, sannan ki ci gaba.

In kuma lissafi ne ya ɓace miki, saƙar da kanta za ta gaya miki. Bayan juyin gaba, launin da ya fito a layin ƙarshe yana hudar sama ta nesa da ke. Bayan juyin baya, yana hudar sama ta kusa da ke. Sannan kowane ɗigon zare a fuskar saƙa yana da ɗan karkata, kuma karkatar tana sauyawa a duk inda aka sauya juyi. In kika ga wani layi ɗaya ya karya shi kaɗai alhali na gefensa sun miƙe, nan katinsa ya yi tawaye. Don gudun ɓatan lissafi ina ajiye ƙwallon dabino huɗu a faifai, kowane juyi in matsar da ɗaya. Da gyaɗa na fara, yara suka cinye mini lissafi.

Shin kowane kuskure sai an kwance? A'a. Ɗigo ɗaya a igiyar jaka, kamu guda a baya, ni wucewa nake yi. Kwancewa mai yawa tana sa zare ya yi gashi. Amma abin sayarwa, ko kuskuren da ya sauya tafiyar adon gaba ɗaya, wannan a koma.

Kuskuren da ke tun daga zuri

Wani lokaci juyinki daidai ne, amma adon ya ƙi fita. Shi ya sa layi goma sha biyu na farko gwaji ne, ki yi su da zaren kwance mai kauri ki duba sama da ƙasa.

Idan layukan da ya kamata su kwanta sumul sun fito da haƙora kamar zarto, ki leƙa ƙasan saƙar. Sau da yawa za ki tarar da adon can, kyakkyawa. Takardun ado ba su da baki ɗaya kan abin da suke nufi da S da Z, wato ta gefen da zare ke shiga kati, wasu karkatar zaren suke nufi, wasu ta katin. Maganin mai sauƙi ne. Ki ɗaure katunan, ki kwance bakin biyu, ki kifar da aikin gaba ɗaya ƙasa ya koma sama, ki sake ɗaurawa. Juya katunan baya ba zai gyara wannan ba, na gwada na sha wuya.

Idan kati ɗaya ne kika zura ta fuskar da ba ita ba, ki duba launukansa. In launi ɗaya ne, ki kifar da shi kawai. In biyu ne, ki kifar da shi sannan ki juya har launukan su zo gurbinsu. In uku ne ko huɗu, kifarwa tana iya birkita jerinsu, sai kin kwance ƙullinsa kin musanya zare biyu masu kallon juna ta kusurwa.

Murɗin da ke taruwa a baya

Duk juyi huɗu gaba yana barin murɗi ɗaya cikakke a bayan katunan. Adon huɗu gaba huɗu baya yana kwance nasa da kansa. Amma katunan gefe, waɗanda ake juyawa gaba kullum don bakin ya yi kyau, suna tara murɗi har zarensu ya gajarce ya yi tauri fiye da na tsakiya. Alamarsa, katunan suna matsowa kanki, juyi yana nauyi, saƙar tana lanƙwashewa.

Hanya mafi sauƙi ita ce a kifar da katunan gefe idan murɗin ya taru, a ci gaba da juya su gaba, sai ya riƙa kwancewa. Yana barin ɗan tabo a baki, don haka ki riƙa yi a tazara ɗaya ya zama kamar ado. Ko ki ɗaure katunan, ki kwance bakin nesa, ki taje murɗin kati bayan kati, ki sake ɗaurewa. Wadda ta fi mini a dogon aiki kuwa daga wani tsoho masaƙi na unguwarmu na samo ta. Ya ga ina fama, ya ce, "Ɗiyata, mu ai kunkuru muke ɗora wa dutse ya ja mana zare, ke me ya hana ki rataya nauyi?" Sai na riƙa ɗora zaren a kan sanda, kowane kati da nauyinsa yana reto, ƴan kwalabe da yashi daidai wa daida. Murɗi na zuwa, kwalbar ta juya ta sake shi, taurin kuma ya zama ɗaya ko'ina. Na ce, "Baba, Allah ya ƙara girma," ya yi dariya ya wuce masallaci.

Zare ya tsinke, ko ya saki

Kada ki ƙulla shi a wurin. Ƙulli yana maƙalewa a huda, kuma yana fitowa a fuskar saƙa kamar ƙurji. Ki yanko sabon zare mai tsawon abin da ya rage da ƙarin kamu ɗaya. Ki zura shi a hudar da ta zama fanko, ta fuskar da ƴan'uwansa uku suka shiga. Ki soka allura a jikin saƙar, ɗan ƙasa da baki, ki naɗe bakin sabon zaren a kanta. Ɗaya bakin ki bi da shi cikin murɗin ƴan'uwansa zuwa ƙarshe ki ɗaure da tauri irin nasu. Bayan kin saƙa santimita uku ya kama, ki cire allurar, wutsiyoyin biyu ki shigar da su cikin saƙar ta baya idan kin gama. In zare ɗaya ne ya yi sako-sako, ki jawo rarar zuwa bakin nesa ki naɗe ta a ɗan tsinke, ko ki rataya masa notin babur.

Zaren kwance in ya ƙare, ki kwantar da wutsiyar tsohon da bakin sabon a ƙofa ɗaya, ki yi haka layi biyu, ki datse rarar daga baya.

Bakin da ke shiga yana fita

Wannan daga hannu ne. Idan kin wuce da ƙoshiya, wato abin da aka naɗe zaren kwance a kai, ki bar ɗan kunne a gefe kamar yatsa zai shiga. Ki juya katunan, ki buga da gefen ƙoshiya ko bayan wuƙa, sannan ki ja kunnen ya kwanta daidai da baki, sannan ki wuce da ƙoshiyar ki bar sabon kunne. Zaren kwance ya zama launi ɗaya da katunan gefe, sai ya ɓace a ciki. Ki yanki ɗan kwali ki yi masa alamar faɗin da kika fara da shi, duk kamu ɗaya ki gwada, domin da safe hannu yana ja da ƙarfi, da yamma ya gaji ya saki, ɗamara ta fito kamar macijin da ya haɗiye kwaɗo.

Ɗamarar ɗiyar wana ta ƙaru da kamu uku a makon. Akwai wuri ɗaya kusa da tsakiya inda kati na 7 ya yi lattin juyi, ta gan shi bayan ta yi nisa, ta zo ta tambaye ni. Na ce ta lanƙwasa wajen ya faɗa ƙarƙashin ɗauri. Yanzu robar kuɗi biyu take sawa a wuyan hannu kafin ta zauna.